Makullin gidan haya ya lalace: wa zai biya kuɗin gyara?

Makulli ƙaramin abu ne, amma na sha ganin ya shiga tsakanin mai gida da ɗan haya waɗanda suka yi shekaru ba wanda ya ji kansu. Sau da yawa kuɗin gyaran bai kai a ɓata a kansa ba. Abin da ke ci wa kowa rai shi ne jin cewa ana so a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk a kan wannan suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Don kada mu rikice, in na ce makulli ina nufin wanda ke jikin ƙofa, in na ce ɗan makulli ina nufin wanda ake sa wa a aljihu.

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Shekarata uku a gidan da nake haya. Tun shigata makullin ƙofar falo yake cijewa, sai na ɗan girgiza ɗan makullin kafin ya juya. Makon jiya ya karye a ciki. Mai gidan ya ce tunda a hannuna ya karye, ni zan biya. Haka ne?"

'Yar'uwa, cewa a hannunki ya karye ba hujja ba ce. Ai dole a hannun wani zai karye, kuma ke ce ke buɗe ƙofar safe da yamma. Da za a bi wannan maganar, da ko rufin ɗaki ya yi yoyo sai a ce laifin wanda ke kwance a ƙarƙashinsa ne. Tambayar da ya kamata ku yi, ke da shi, ita ce: me ya kashe makullin? Ruwa ba ya tsami banza, kuma makulli ba ya karya ɗansa haka kawai.

Bari in ɗan buɗe miki cikinsa, don sanin yadda yake aiki shi zai ba ki bakin magana. Yawancin makullan ƙofa na yau suna da wani ɓangare da ake kira silinda, wato inda ɗan makulli ke shiga. A cikinta akwai jerin 'yan ƙananan ƙarafa, galibi biyar ko shida, kowanne gida biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, da ɗan sifirin yana danna su ƙasa. Haƙoran ɗan makulli ne ke ɗaga kowanne zuwa daidai tsayin da zai bar silindar ta juya. In ɗaya ya gaza da ɗan kaɗan, ko ya zarce, ba za ta juya ba. Wannan tsari wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ne ya yi masa rajista a 1861 da 1865, kuma har yau a kansa ake. To waɗannan ƙarafa da haƙoran duk suna gogar juna kullum, kuma yawanci da tagulla ake yin su, ƙarfe mai ɗan laushi. A hankali sai su cinye. Girgizar nan da kike yi kafin ya juya alamar cinyewa ce.

Masu ƙera makulli su kansu sun san yana da wa'adi. Ma'aunin ingancin silinda na ƙasashen Turai, wanda ake kira EN 1303, ya raba ƙarkonta mataki uku: wadda aka gwada ta jure buɗewa da rufewa sau 25,000, da mai sau 50,000, da mai sau 100,000. Ki yi lissafi da kanki. Gidan da ake murɗa makulli sau goma a rana, a shekara an murɗa sau 3,650 ke nan. Silinda mai matakin ƙasa ba za ta cika shekara bakwai ba ta cinye adadin da aka gwada ta a kai. In kuwa 'yan haya biyu ko uku sun riga ki amfani da ita, kin ga a tsufanta kika same ta.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: sau da yawa makullin lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ba ta da lafiya. Ƙyaure yakan sauka in ƙarafan da ke riƙe da shi sun saki, katako yakan kumbura in ya sha laima, gini ma yakan ɗan zauna. Sai harshen makulli ya daina haɗuwa da raminsa a jikin firam, mutum ya riƙa ɗaga ƙofa ko tura ta da kafaɗa yana murɗawa da ƙarfi, har wata rana ɗan makulli ya gaji ya tsinke. Gwajin wannan ba wuya: a buɗe ƙofar, a murɗa makullin tana buɗe. In ya juya salin alin, sai an rufe yake cijewa, to matsalar ta ƙofa ce da firam, kuma wannan gyaran gini ne, na mai gini.

Ƙa'idar da nake tsaye a kanta ita ce: kuɗin haya kuɗin amfani ne, kuma amfani yana tafe da tsufan kaya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa; wanda ya ba da gida haya ya san makullansa za su cinye, ya kuma riga ya karɓi kuɗin cinyewar a cikin haya. Malaman fiƙihu sun daɗe da faɗin cewa abin da aka karɓa haya amana ne a hannun ɗan haya, ba ya lamuncewa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Dokokin zamani ma nan suka dosa. Kundin dokar farar hula na Jamus, a sashe na 535, ya ɗora wa mai gida kula da gidan ya zauna yadda zai amfanu, sashe na 538 kuma ya ce ɗan haya ba shi da alhakin lalacewar da ta biyo bayan amfani na ƙa'ida. Faransa ta ɗan bambanta: wata doka ta watan Agusta 1987 ta lissafa ƙananan gyare-gyaren da ke kan ɗan haya, ciki har da sa wa makulli mai, da canza ƙananan sassansa, da sake 'yan makullan da suka ɓata ko suka lalace. Amma ko a can, dokar haya ta 1989 ta cire abin da tsufa ya lalata daga wuyan ɗan haya. Na kawo waɗannan ne don ki ga maganar ba son rai ba ce. Abin da zai yi aiki a kanki shi ne dokar inda kike da takardar yarjejeniyarku, don haka ki ɗauko ta ki duba ko an ambaci ƙananan gyare-gyare.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai inda nake jin ke ma kina da ɗan kaso. Shekara uku makulli yana cijewa: kin taɓa gaya wa mai gidan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ke ce mai ɗakin, shi ba ya kwana a ciki. In kin gaya masa ya yi biris, to gyaran nasa ne gaba ɗaya, ba sisinki a ciki. In ba ki taɓa faɗa ba, yana da ta cewa, domin da an duba tun da wuri da aikin bai kai haka ba. A wannan hali abin da nake gani adalci shi ne shi ya sayi sabuwar silinda, tunda tsohuwar ta ci lokacinta, ke kuma ki ɗauki ladan ciro guntun da ya maƙale da yanka sabon ɗan makulli. Kafin kowa ya zaro kuɗi, ku sa mai gyara ya faɗi dalilin lalacewar a gabanku ku biyu, ko ya rubuta a jikin rasit. Ki kuma ajiye tsohuwar silindar da guntayen ɗan makullin, kada a zubar. Haƙoran da suka suɗe shaida ce da ido ke gani.

Wani matashi ya ce: "Na zubar da 'yan makullaina a hanya. Mai gida ya ce sai na canza makullin ɗakina da na babbar ƙofar da duk 'yan haya ke shiga, in kuma yanka wa kowa sabon ɗan makulli. Bai yi yawa ba?"

Ɗan'uwa, a nan nauyi naka ne, ba sai mun ja magana ba. Makullin bai tsufa ba, bai lalace ba, kai ka ɓatar da abin buɗe shi. Abin tattaunawa shi ne iyakar abin da za ka biya, kuma wannan ya rataya a kan tambaya ɗaya: wanda ya tsinci 'yan makullan zai iya gane ƙofar da suke buɗewa? In sun faɗa rijiya ko kogi, ba mai shiga gidan kowa da su, yanka sababbi ya wadatar. In kuwa tare suka ɓata da jakar da ke ɗauke da katin shaidarka ko wata takarda mai adireshi, ko a ƙofar gidan suka faɗi, ko kana zargin sace su aka yi, to tsoron mai gidan yana kan hanya. Maƙwabtanka ba su yi laifin komai ba, bai kamata su kwana da fargaba saboda kuskurenka ba. Ka biya, ka kuma yi da wuri.

Amma ka san cewa canza makulli ba yana nufin a ɓalle komai daga jikin ƙofa ba. A yawancin ƙofofi silinda kaɗai ake zarewa, sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita ta gefen ƙyaure, aikin 'yan mintoci. Wasu ma ba a canza ta, sai mai gyara ya sake jera ƙarafan cikinta yadda tsohon ɗan makulli ba zai ƙara buɗewa ba. Hannun ƙofa da akwatin makullin da ke cikin ƙyaure ba ruwansu da ɓatan da ka yi. In mai gida yana son ya yi amfani da wannan dama ya sa makulli mafi tsada fiye da wanda ke nan, shi zai cika bambancin; kai abin da ke kanka shi ne mayar da kwatankwacin abin da ka tarar.

Ka kuma nemi rasit, kada ka yarda da adadin da aka yanka da ka. A Ingila dokar kuɗaɗen haya ta 2019 ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ɗan makullin da ya ɓata, amma sai daidai abin da ya kashe bisa hankali, tare da shaida a rubuce. A Jamus kuma babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a watan Maris 2014 cewa ba za a karɓi kuɗin canza tsarin makullan gini daga ɗan haya ba matuƙar ba a canza ɗin a zahiri ba. Ko babu irin wannan doka a inda kake, hankali ya yarda da ita: kuɗin gyara na gyara ne, ba tara ba ce da za a karɓa a sa a aljihu a bar tsohon makulli a wurinsa.

Wani magidanci ya rubuto: "Ƙarfe sha ɗayan dare muka dawo da iyali, makulli ya ƙi buɗewa. Na kira mai gida sau uku bai ɗauka ba. Na nemo mai gyara ya fasa ya sa sabo. Zan iya cire kuɗin daga hayar da zan biya?"

Malam, da farko ba ka yi laifi ba. Ba wanda zai ce ka bar mata da yara a waje har gari ya waye don jiran izini. Gaggawa tana da nata hukunci, kuma dokoki da yawa sun san da haka. Sashe na 536a na kundin Jamus da na ambata ya ba ɗan haya damar yin gyaran da ba ya jira, ya kuma nemi a mayar masa da abin da ya kashe. Kiran nan uku da ke cikin wayarka ka ɗauki hotonsu ka ajiye. Da ma a daren ka tura masa rubutaccen saƙo kafin a taɓa ƙofar. In ba ka yi ba, ka tura yanzu, da hoton tsohon makullin da rasit da abin da mai gyara ya ce ya jawo.

Inda zan riƙe hannunka shi ne wajen cire kuɗi daga haya da kanka. Kada ka yi sai ya amince, kuma amincewar ta zama a rubuce, ko da saƙon waya ne. Dalili kuwa, a wurare da yawa hayar da ba ta cika ba bashi ce a idon doka, ko mene ne uzurinka, kuma bashin haya na daga cikin hujjojin da ake tashin mutum da su. Kana da gaskiya a hannu, kada ka mayar da kanka mai laifi a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Ka biya hayarka cif, ka nemi naka daban. In ya ce ka cire, to madalla, sai a rubuta a rasit ɗin haya cewa an cire kaza saboda gyaran makulli.

Abu biyu za su iya rage abin da zai mayar maka. In ya tabbata ɗan makullin da kuke amfani da shi kwafi ne da aka yanka ba daidai ba, shi ya maƙale, to ba tsufan makulli ba ne. Kuma in ka sa makulli na alfarma a madadin na talaka, kada ka yi tsammanin ya biya duka. Ka kai masa ɗan makulli ɗaya na sabon in yarjejeniyarku ta ce yana riƙe da ɗaya. Wannan kaɗai yakan sanyaya zuciya kafin a zo maganar kuɗi.

Wata amarya ta tambaya: "Za mu tare a gidan haya. An ba mu 'yan makulli biyu, amma ban san ko nawa ne ke hannun waɗanda suka tashi ba. Ina so in canza. Wa zai biya, kuma wane iri zan saya?"

Amarya, Allah ya sanya alheri, kuma tunaninki daidai ne. Ba ki san ko tsohon ɗan haya ya yanka wa ƙaninsa, ko mai aikinsa, ko wani abokinsa ba, shi kansa mai gidan bai sani ba. A ganina wannan canjin na mai gida ne, domin ba da gida haya ya haɗa da ba da ƙofar da ɗan haya kaɗai ke iya buɗewa. Akwai inda doka ta faɗi haka ƙarara: a jihar Texas ta Amurka wajibi ne mai gida ya sake tsarin makulli da kuɗinsa cikin kwana bakwai da shigar sabon ɗan haya. Amma ba ko'ina ba ne, kuma inda doka ta yi shiru, makullin da ke aiki lafiya ba a tilasta wa mai gida ya canza shi. Don haka ku yi maganar yanzu, kafin ku biya kuɗi ku sa hannu. Tun ran gini ran zane. Mai gidan da ke son a kama masa gida ya fi sauƙin kai fiye da wanda kuɗi ya riga ya shiga hannunsa.

In ya ƙi, ku canza da kuɗinku, da saninsa. Ga dabarar da nake ba kowa: ku zare silindarsa ku naɗe ta tare da 'yan makullanta ku adana, ku sa taku. Ranar tashi sai ku mayar masa da tasa, ku tafi da taku sabon gida. Ba a huda ƙofa ba, ba a ɓata komai ba, kuma kuɗinku bai bi ruwa ba.

Wajen saye kuwa, awo ne farko. Silindar da ke ratsa ƙofa ana auna ta ne daga ramin sukurun tsakiya zuwa kowane ɓangare, da milimita, shi ya sa za ki ga an rubuta 30/30 ko 35/45 a jikin kwali. Hanya mafi sauƙi ita ce a zare tsohuwar a tafi da ita wurin saye. Kada ki karɓi wadda ta fi ƙofar tsawo da sunan ai za ta shiga. Silindar da ta leƙo waje fiye da milimita 3 ta ba ɓarawo wurin kamawa, da kayan aiki na yau da kullum zai iya karya ta a tsakiya inda ta fi rauni. Bayan awo sai ki dubi yawan ƙarafan ciki: mai shida ta fi mai biyar wuyar buɗewa da dabara. Ki ɗaga ta a hannu, ta tagulla ta gaske tana da nauyi, mai arha da aka yi da gaurayen ƙarfe mara ƙwari kuwa shafal take. Ki gwada kowane ɗan makulli da ke cikin kwalin kafin ki biya, ki tabbatar kwalin a rufe yake ba a taɓa ɓare shi ba. Araha ba ta ado, amma kuma ba na ba ɗan haya shawarar ya sayi mafi tsada a kasuwa: makulli mai ƙarfi a jikin ƙyaure mara ƙwari da firam mai ruɓewa ɓarnar kuɗi ce, ƙafa ɗaya za ta ɓalle shi. Matsakaici mai kyau ya ishe ku, in an samu dama a ƙara sakata ta ciki.

Wani abu da nake so ki yi tunani a kai shi ne irin silindar da ake murɗa ta da hannu daga ciki, ba sai da ɗan makulli ba. In gobara ta tashi cikin dare, laluben ɗan makulli a cikin hayaƙi yana cin lokacin da babu shi. Illarta ɗaya: in akwai gilashi ko taga dab da ƙofar, mai fasawa zai iya zuro hannu ya murɗa. Ki dubi ƙofarki ki zaɓa. Makullan lantarki masu lamba ko zanen yatsa kuwa, ba na hana su, amma yawancinsu sai an huda ƙyaure, suna cin batir, kuma in sun lalace gyaransu na wanda ya kawo su ne. A gidan da ba naki ba, ba da rubutaccen izini ba, ki haƙura da su.

In za ku ƙara yanka 'yan makulli, a yanka daga na asali. Kwafin kwafi kuskurensa ƙaruwa yake yi, kuma shi ne ke saurin cinye cikin silinda. Ranar karɓar gida ku rubuta adadin 'yan makullan da aka ba ku, ku da mai gida ku sa hannu, don ranar tashi kada a ce uku ne alhali biyu ne.

Wani dattijo mai gidajen haya ya rubuto da tambaya biyu: "Ɓarayi sun ɓalle ƙofar wani ɗan hayata. Na ce tunda kayansa suka zo ɗauka, shi zai gyara. Wani kuma ya canza makulli bai ba ni ɗan makullin ba, ga shi yana da bashin wata uku. Ina tunanin in sa kwaɗo a ƙofar har ya biya."

Baba, ku yi haƙuri, a duka biyun ba zan goya muku baya ba, kuma don ina son alherinku ne.

Ƙofar da ɓarayi suka ɓalle ƙofarku ce. Ɗan hayar bai yi ta'adi ba, bai yi sakaci ba, shi ma zalunta aka yi. Rabon da aka saba yi shi ne kowa ya ɗauki asarar dukiyarsa: shi kayansa da aka kwashe, ku ƙofa da makulli da firam. In kuna da inshorar gini, irin wannan ɓarnar ce ake duba ta a ciki, kuma za a nemi rahoton 'yan sanda, don haka ku sa shi ya kai rahoto ya ba ku kwafi, a ɗauki hotuna kafin a gyara. Hukuncin zai canza ne kawai in ya tabbata shi ya bar ƙofa a buɗe, ko ya ɓatar da ɗan makulli ya yi shiru har aka shiga da shi. Ku kuma gyara a ranar, Baba. Mutumin da aka shiga ɗakinsa ba ya iya barci a bayan ƙofar da ba ta kulluwa, kuma ɓarawon da ya ga hanya a buɗe yakan dawo, wataƙila wannan karon ɗakin maƙwabci.

Maganar kwaɗo kuwa, ina roƙonku ku janye ta. Bashinku haƙƙinku ne, ba mai musu, amma kulle mutum a waje da kayansa a ciki ba hanyar karɓarsa ba ce. A ƙasashe da yawa laifi ne mai zaman kansa. A Ingila dokar kare 'yan haya daga kora ta 1977 ta mayar da shi laifin da ake gurfanar da mai gida a kansa. Sai ku wayi gari ku da kuke bin haƙƙinku kun koma masu amsa tuhuma, har a ce ku biya shi diyya. Ku ba shi takardar gargaɗi yadda dokar wurinku ta tsara, in bai biya ba ku kai gaba.

Batun bai ba ku ɗan makulli ba, ku duba yarjejeniyarku. In an rubuta cewa ba a canza makulli sai da izininku, ya saɓa, kuna da damar ku ce ya mayar da na da ko ya ba ku ɗa, kuma kuɗin a kansa. In ba a rubuta ba, ku nema da lalama, ku nuna masa don ranar gobara ne ko fashewar bututun ruwa. Riƙe ɗan makulli dai ba izinin shiga ba ne. Muddin yana cikin wa'adinsa, ɗakin wurin sirrinsa ne, sai da sanarwa ake shiga. Sau da yawa ɗan hayar da ya ɓoye ɗan makulli ya taɓa dawowa ne ya tarar an shiga masa ɗaki.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: "Yarona ya tura tsinke a ramin makulli, na zuba man girki don ya fito, yanzu ya ƙi juyawa sam."

Wannan naki ne, 'yar'uwa, domin ɓarnar yaro da ta baƙo duk a kan mai ɗaki take komawa. Ki daina murɗawa da ƙarfi kada ɗan makullin ya karye ya zama aiki biyu. Man girki da baƙin mai suna kama ƙura su daskare a ciki su riƙe 'yan sifirin ɗin nan, shi ya sa ya ƙara tsayawa. Mai gyara zai iya zare silindar ya ciro tsinken ya wanke ta, ba lallai sai an sayi sabuwa ba, don haka ki nemi a gwada wankin tukuna. Nan gaba in makulli ya fara tauri, ki goga bakin fensir a haƙoran ɗan makullin, ki sa ki zare sau uku ko huɗu, garin zai shiga ya sassauta shi. In bai saki ba bayan haka, ki sanar da mai gidan a ranar, a rubuce.